Shanun da Ba Su San Rani Ba

Ba zan faɗi sunana ba. Ba wai ina da sauran mutuncin da nake tsoron ya zube ba, wannan ya zube tuntuni. Akwai dai 'ya'ya mata biyu da ake kiran sunan nan a bayan nasu a makaranta, su kuwa ba su ci ko kwabo ba. Wanda ya san ni a Katsina zai gane ni kafin ya yi nisa. Wanda bai san ni ba, musamman ku samari masu karatun akanta da kuke ganin kun fi kowa wayo, da ku nake magana.

A unguwar Gobarau aka haife ni, a wani tsohon gidan ƙasa mai zaure biyu da kakanmu ya bari. Mahaifina ya rasu ina aji uku na firamare, sai ƙanensa ya riƙe ni, muna ce masa Baffa. Maɗinki ne, mai aikin wuyan riga. Ya shekara da shekaru a zaure yana sunkuye a kan allura har bayansa ya lanƙwashe, kuma da wannan allurar ya biya mini kuɗin makaranta har na fito da takardar difloma a fannin akanta. Ni ne na fari a gidan da ya yi boko mai zurfi, don haka aka ɗauke ni wani abu. In wasiƙa ta zo ni ake jira, in za a raba kuɗin biki ni ake miƙa wa biro. Tun daga nan kaina ya fara girma, na riƙa ganin duk wanda bai iya Turanci ba bai san komai ba.

Na sami aiki a wani ƙaramin kamfani da ke kan hanyar Batagarawa, wanda wasu 'yan kasuwa suka haɗa jari suka kafa. Aikinsa sayen madarar shanu daga rugagen Fulani na kewaye, a dafa, a yi yogot, a ɗura a robobi a kai shaguna. Ni ne akanta, ni ne kuma mai biyan kuɗi. To dokar kamfanin ita ce duk wanda zai riƙe makullin akwatin kuɗi sai ya kawo mai tsaya masa, kuma sai mai tsayawar ya ajiye takardar gida. In ma'aikaci ya ci kuɗi, a kan gidan za a koma.

Baffa ba shi da wani gida sai na gado, shi ma ba a raba ba. Ban da ni, mutum tara ke da haƙƙi a ciki: shi, da yayarsu da muke kira Gwaggo, da ƙannena mata biyu, da 'ya'yan wani baffan namu da ya rasu. Ya tara su ranar wata Juma'a bayan an sauko, ya yi musu bayani, ya ce ba zai ajiye takardar ba sai kowa ya yarda da bakinsa. Gwaggo ce ta fara magana, tsohuwa ce da ta dawo gida tun bayan rasuwar mijinta, ɗakinta na kusa da rijiya. Ta ce in ba su tsaya mini ba wa zai tsaya mini, a kawo takardar. Ita ta fara dangwala yatsa, sauran suka bi. Ina tsaye ina kallo, abin da ke raina a lokacin kawai shi ne irin takalmin da zan saya da albashin farko.

Shekara uku na yi ina aiki tsakani da Allah. Lokacin soja ne, kowa na fama, talaucina bai dame ni ba tunda na kowa ne. Na yi aure, na kama haya, ina zuwa aiki a kan keke.

Sai soja suka miƙa mulki ga farar hula, gari ya canza cikin wata shida. Muna da majalisa a bakin Ƙofar 'Yandaka inda muke zama bayan la'asar. Wani abokin karatuna, wanda ni nake yi masa lissafi a aji don ko sau bakwai-bakwai bai iya ba, ya zama kansila. Wani ya zama mai riƙe wa wani babba jaka. Wanda jiya muke haɗa kuɗin shayi da shi, yau ya zo da mota yana karkaɗa makulli. Suka sa ni gaba da tsiya, suna kirana akantan da ke ƙirga kuɗin mutane aljihunsa wayam. Ina dariya tare da su, amma in na hau kekena zan tafi sai in ji kamar an watsa mini garwashi a ƙirji. Haushi nake ji, haushin cewa na fi su ƙwaƙwalwa amma sun fi ni komai.

Satar farko ba ta zo mini da sunan sata ba. Matata Hadiza ta haihu, ba ni da kuɗin ragon suna, kuma ba zan iya yanka ɗan akuya a gaban 'yan majalisa ba. Na ɗiba daga kuɗin ƙananan hidimomi na ofis, na rubuta a 'yar takarda na jefa cikin akwatin, ƙarshen wata na mayar. Ba wanda ya sani. To wannan shi ya kashe ni, domin ranar na gane ashe ba mai dubawa. Karo na biyu ban rubuta takarda ba. Karo na uku na sayo littafin rasit a kasuwa, na rubuta man janareta da ba a saya ba.

Wata safiya manajanmu ya kira ni ofishinsa. Alhaji ne mai sanyin murya, kullum da carbi a hannu da ƙamshin turare. Ya tambayi lafiyar Baffa, da jaririya, da mai jego, har ya ƙare gaisuwa tsaf. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da rasitan man nan guda huɗu ya jera su a gabana. Na fara tunanin gidan Gobarau, na buɗe baki zan roƙe shi.

Ya ɗaga hannu ya ce, “Kwantar da hankalinka, Akanta. Ni ba tona maka asiri zan yi ba. Abin da ya ba ni haushi, mutum kamarka mai ilimi ya tsaya satar kuɗin mai. In za ka ci, ka ci abin da zai ishe ka.”

Ga abin da ya koya mini. Da damina madara tana da yawa, matan Fulani suna kawowa wuraren da motarmu ke tsayawa, a auna, a rubuta, ƙarshen mako in biya su, kowacce ta dangwala yatsa a kan bauca, wato takardar shaidar biya. Da an gama kaka yawancin rugagen sai su kora shanu su yi kudu neman ciyawa, waɗanda suka rage kuma nonon ya ja baya. Manaja ya ce a watannin nan zai riƙa sayo madarar gari mai araha a ɓoye, a dama da ruwa a yi yogot ɗin da ita. Ni kuma in ci gaba da rubuta cewa muna sayen madarar shanu daga matan nan da suka tafi, da sunayensu na gaskiya, a kan farashinta mai tsada. Abin da ya rage a tsakani, kashe mu raba. Rabon dai ba daidai ba ne, shi biyu ni ɗaya, wai shi ke toshe bakin mai kula da injin.

Ya iya aikinsa. Bai taɓa rubuta mini ko kalma ɗaya ba, bai taɓa karɓar kuɗi a ofis ba. Sai dai in kai masa a jakar leda, a cikin mota, bayan sallar Juma'a. Ni kuwa mai ilimi, ni ne mai rubutu, ni ne mai sa hannu, ni ne mai dangwale. Ranar biya in rufe ƙofa, in buɗe tawada, in bi sunaye arba'in da wani abu ina juya yatsuna goma, wannan a karkace, wancan a miƙe. Har daɗi nake ji ina yaba wa kaina dabara.

Ƙarshen shekara ya zo, ga sabuwar gwamnati ta buɗe ƙofar rance ga masu harkar noma da kiwo. Kamfani yana son bashin banki, banki kuma yana son ganin bayanin kuɗi na shekara. Kuɗin da muka ci sun bar rami, sai na cike shi da biro. Na rubuta shaguna da ba su wanzu ba na ce muna bin su bashi. Na ƙara yawan sukari da robobin da ke sito. Na fitar da riba mai kyau a takarda, alhali asusun banki ya kusa bushewa. Oditocin da aka saba kawowa, wato masu duba lissafi, suka zo, samari biyu da jaka. Suka ga kowace bauca da sunanta da yatsanta, suka yi ta buga alamar daidai. Muka kai su suka ci kaji, muka zuba musu mai a mota, suka sa hannu suka tafi. Banki ya ba da bashi.

Shekara biyu muna haka. Na ajiye keke na sayi babur, na ajiye babur na sayi mota. A majalisa aka daina yi mini tsiya, aka fara matsa mini a kan benci. Hadiza ta taɓa tambayata ko an ƙara mini albashi ne, na daka mata tsawa, ba ta sake ba. Ranar da na kai wa Baffa motar ya gani, ya fito daga zaure da zare a wuya, ya kewaya ta sau ɗaya, ya tambaye ni nawa ne albashina yanzu. Na ce rance ne ofis ya ba ni. Ya dube ni ya daɗe, ya ce Allah ya sa albarka. Na buɗe masa ƙofa in zaga da shi gari, ya ce aiki ya yi masa yawa.

Abin da ya tayar da maganar, masu jari ne. Shekara biyu ana karanta musu riba, amma in suka ce a raba sai a ce kuɗin suna hannun masu shaguna. Wani dattijo cikinsu, wanda bai yi boko ba amma ya tsufa a kasuwa, ya ce shi bai san ribar da ba a iya taɓa ta da hannu ba. Ya dage sai an kawo mai binciken ƙwaƙwaf, irin wanda ba ya tsayawa a kan ko lissafi ya haɗu, sai ya bi kowace naira ya ga ko abin da aka ce an saya da ita ya taɓa wanzuwa.

Da na ji mace aka turo, na yi dariya. Hajiya Rabi ake ce mata, 'yar siririya mai tabarau, ta kai shekara hamsin, da tsohuwar jaka da koren biro. Ta zo da ruwanta a gora, abincinta a 'yar kula. Na aika a sayo mata kaza, ta yi godiya sosai ta ce a ba mai gadi. Na jibge mata fayil-fayil har sun kusa rufe ta, ina cewa a raina ta shekara tana dubawa.

Mako na farko ba ta tambaye ni komai ba sai ina kwana da ina gajiya. Ba ta ma fara da baucocin ba. Sai in hango ta a sito tana ƙirga buhunan sukari da kanta, ko a bayan kamfani inda ake zubar da shara tana tona wani abu da tsinke, ko tana hira da direban motar ɗaukar madara a gindin bishiya. Ta karɓi littafin man motar, ta karɓi takardun banki kai tsaye daga banki, ba ta hannuna ba. Ta rubuta wasiƙu zuwa ga shagunan da na ce muna bi bashi, ta ba wani ya kai da ƙafarsa. A mako na biyu na fara shan jinin jikina. Na je wa Manaja, ya ce in daina rawar jiki, takarda ba ta magana.

Ranar Laraba ta mako na uku ta kira ni. Ta shimfiɗa wata doguwar takarda a tebur, ta ja layi goma sha biyu, kowane wata da yawan madarar da littafina ya ce mun saya. Ta ce in duba in gaya mata abin da na gani. Na duba, na ce ban ga komai ba, lissafi daidai yake, kowane wata kusan ɗaya ne da ɗan'uwansa.

Ta cire tabarau ta ce, “To shi ne abin da ni ma na gani. Malam, ka taɓa kwana a ruga?”

Na ce a'a, ni ɗan birni ne.

“Na sani. Ni uwata tallan nono ta yi har ta tsufa, da ƙwarya bisa kai take shigowa garin nan. In bazara ta yi, saniyar da ke cika ƙwarya da damina ko ludayi uku ba ta badawa. Mu da kanmu sai mu yi wata ba mu ga fura da nono ba. Amma shanun da ke cikin littafinka ba su san rani ba. Abin da suka bayar a Agusta shi suka bayar a Afrilu. Ina kake kiwonsu, in kai namu?”

Na yi ƙoƙarin in yi dariya, ba ta fito ba. Na ce ai matan ne ke kawowa, ga sunayensu, ga yatsunsu. Ta ce haka ne. Sai ta jawo littafin man mota ta nuna mini cewa a watannin rani motar ɗaukar madara ba ta sha ko rubu'in man da take sha da damina ba, to da me aka ɗauko madarar. Ta buɗe jaka ta fito da wani yagaggen buhun takarda na madarar gari da ta tono a shara, ta ce ba ta ga inda aka rubuta sayensa a littafina ba. Ta ce cikin shaguna goma sha ɗaya da ta aika wa wasiƙa, bakwai ba a same su ba, ɗaya ma wurin da na rubuta kango ne da awaki ke kwana. Duk wannan a hankali take faɗa, kamar mai karanta wasiƙar gaisuwa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari ta ce in raka ta. Muka shiga motar kamfani muka wuce Batagarawa, muka saki kwalta muka bi turba. Bazara ce, ƙasa ta yi fari fat. Muka isa wurin da littafina ya ce mata goma sha huɗu suna kawo madara kowace safiya. Ba komai sai bukkoki da suka rufta da busasshiyar kashin shanu. Can gefe muka sami wani tsohon Arɗo da ya zauna da 'yan shanu biyar, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Hajiya ta durƙusa ta gaishe shi da Fulatanci, suka daɗe suna gaisawa, sannan ta koma Hausa don in ji. Ta karanta masa sunayen. Kowane suna ya ce ya san ta, sun tafi kudu tun bayan kaka, sai ruwa ya sauka. Da ta zo kan wani suna sai ya ce wannan ai ta rasu wajen haihuwa, daminar bara ma ba ta gani ba. Ni kuwa a makon da ya wuce na biya ta kuɗin madara, ta dangwala yatsa.

Muka kamo hanyar dawowa har muka hango ganuwa. Ta ce in ba ta hannuna na hagu. Akwai tabo a babban yatsana, reza ta yanke ni ina yaro a zauren Baffa. Ta ce tun ranar farko da na miƙo mata fayil ta gan shi, kuma ta ƙirga shi a kan sunan mata shida daban-daban, layi fari a tsakiyar tawada. Ta saki hannun ta tambaye ni wa ya tsaya mini lokacin da aka ɗauke ni aiki. Na gaya mata. Ta kawar da kai ta ce, “Innalillahi. Kai ko tsohon nan ba ka tuna ba.”

Na faɗi gaskiya duka, na ambaci Manaja. Hajiya ta rubuta a rahotonta cewa ba yadda za a yi a dama madarar gari shekara biyu manaja bai sani ba. Amma kotu takarda take so. Ranar shari'a Manaja ya zo da farar riga da carbinsa da lauyoyi biyu, ya rantse shi ma cin amanarsa aka yi, ya riƙe ni kamar ɗa. Mai kula da inji ya ce ni nake ba shi umarni. Aka duba ko'ina, ba rubutunsa, ba yatsansa. An sallame shi daga aiki kawai. Kafin in cika shekara biyu a ɗaure ya shiga siyasa, yau in zai wuce sai an tsayar da motoci. Har gobe in na ji jiniya raina ɓaci yake, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ba shi ya kama yatsana ya tsoma a tawada ba.

Shekara biyar alƙali ya ba ni. Aka sayar da motar da filin da na saya, ba su kai ko rabin abin da ya ɓace ba, domin har da rabon Manaja aka ɗora mini. Banki ya matsa wa kamfani, kamfani ya fito da takardar gidan Gobarau. Baffa ya bi masu jari gida-gida yana roƙo, da tsufansa, yana cire hula a zaurukan mutanen da ya girma. Suka tausaya masa, suka ba shi wata shida. Ina zai samo? Wuyan riga nawa zai ɗinka? Ina gidan yari ƙanwata ta zo ta gaya mini ta bayan wayar ƙarfen da ta raba mu cewa an sayar, wanda ya saya zai rushe ya yi shaguna. Ba ta zauna ba, ba ta kuma kawo mini komai ba.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin gidan yari ba, ƙwarƙwata ce da gabza da wari, kowa ya sani. 'Yan majalisa ko ɗaya bai leƙo ba. Hadiza ta yi shekara ɗaya tana zuwa, daga baya iyayenta suka kai ƙara aka raba auren, ban ga laifinsu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gandirobobi da suka ji ni akanta ne suka sa ni rubuta musu lissafin buhunan gero. Ina rubutawa daidai, ƙwaya ba ta ɓata, a lokacin da gaskiyar ba ta da sauran amfani ga kowa.

Ranar da aka sake ni ba wanda ya zo tarbata. Na tambaya aka kwatanta mini inda Baffa yake, ɗaki biyu na haya a bayan Ƙofar 'Yandaka, kusa da kwata. Na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ido ya tafi, allura ta gagara. Na yi sallama ya gane muryar. Na faɗi a gabansa ina kuka, ina cewa ya yafe mini. Ya bar ni sai da na gaji.

Sannan ya ce, “Tashi. Ni nawa na yahe maka tun kana can, don ba ni son in tahi da kai a wuyana. Amma gidan ba nawa ba ne ni ɗaya. Mutum tara suka sa maka hannu, ni na tara su. Ka bi su ɗaya-ɗaya, kowa ya yahe nashi da bakinshi.”

Na ce zan bi su, bari in fara da Gwaggo, tana ciki? Matarsa ce ta amsa daga ɗaki. Ta ce ranar da aka zo kwashe kaya Gwaggo ta ƙi fita, ta zauna a bakin rijiya, sai da aka ɗauke ta cak aka sa a mota aka kai ta gidan surukinta a Batagarawa. Can ta yi wata huɗu a ɗakin ajiyar hatsi da aka share mata, kullum da safe sai ta ɗaura ƙullin kayanta ta ce a mai da ita gida. A haka ta rasu. Sun hana a gaya mini.

Shekara shida ke nan da fitowata. Ina sayar da katin waya a ƙarƙashin laima, ba wanda zai sake ba ni makullin ko da akwatin ashana ne. Na bi mutanen nan kamar yadda Baffa ya ce. Biyar sun yafe, har da shi. Ƙannena biyu suna amsa gaisuwata amma ba su furta ba. Ɗaya daga 'ya'yan baffanmu ya ce in na sake taka ƙofarsa zai kira mini 'yan sanda. Na tuba ga Allah, ina kuma sa rai da rahamarsa, amma malamai sun gaya mini haƙƙin mutum sai mutum.

Saboda haka, kai saurayi da aka ba makulli, saurara. Kada ka ranci ko naira ɗaya daga kuɗin da ba naka ba, ko da za ka mayar gobe, domin ba kuɗin ne za su kama ka ba, sanin cewa ba a gani ba ne. In babba ya kira ka ya ce ku ci tare, dubi hannun wa ke kan takardar. Kada ka yarda lissafin da ya haɗu a littafi ya ruɗe ka, akwai masu fita daga ofis su je su tambayi saniya da direba da kwandon shara, kuma waɗanda kake rainawa sun san abin da ba ka sani ba. Kafin ka buɗe akwatin nan, ka zauna ka ƙirga mutanen da suka tsaya maka, da sunansu, ɗaya bayan ɗaya. Ni sai da na fito daga kurkuku na ƙirga nawa. Takwas ina iya zuwa ƙofarsu ko za su kore ni. Ta taran kuwa duk Juma'a nakan hau mota in je Batagarawa in tsaya a kan kabarinta, in yi ta magana, ba mai amsawa.